Wa ya zaɓa maka Windows ɗin da ke kan kwamfutarka?

Ka taɓa zama a aji ana gabatar da aiki, an jona laftof da majigi, sai ga wani ɗan rubutu dishi-dishi a ƙasan allo ta hannun dama yana cewa "Activate Windows"? Na san ka taɓa gani. Wataƙila ma a kan taka kwamfutar yake yanzu haka, ka saba da shi har ka daina ganinsa, kamar tsagar da ke jikin gilashin wayarka. A ajinmu babu mai dariya idan ya fito, don kusan kowa yana da irinsa.

Rubutun yana gaya maka ne cewa Windows ɗin da ke kan na'urar ba shi da lasisi mai aiki. To amma koma baya kaɗan, ka tuna ranar da ka sayi kwamfutar. Ka tambayi girman RAM, ka tambayi awa nawa batir yake yi, ka duba ko madannai suna kawo haske, ka yi ciniki har mai shago ya ce "albarka" sau uku. A cikin duk wannan, akwai wanda ya tambaye ka wace babbar manhaja kake so a ɗora maka?

Ni dai ba a tambaye ni ba. Ina aji biyu na sayi tawa, ta hannu, a wani shago. Muna gama ciniki mai shagon ya miƙa wa yaronsa ita ya ce, "Yi wa ɗalibi fomat, ka sa masa komai da komai." Na ce, "Maigida, mene ne komai da komai?" Ya ce, "Windows, Office, Corel, Photoshop, har abin kallon fim. Kai dai je ka yi sallah ka dawo." Na dawo na tarar da komai a ciki, na yi ta godiya, a raina an yi mini alheri. Bayan kamar wata shida rubutun nan ya bayyana.

Kuɗin da ba ya fitowa a rasit

Babbar manhaja ita ce wadda ke tsaye tsakaninka da ƙarfen na'urar. Ita ce ke tashi idan ka kunna, ita ke magana da allo da madannai da Wi-Fi, kuma a kanta duk sauran manhajoji ke zama. Windows na Microsoft ɗaya ne daga ciki. Akwai macOS na Apple, akwai Android a waya, akwai Linux. Idan babu ita, laftof ɗinka ba shi da maraba da faranti.

Idan ka ga sabuwar HP ko Dell ko Lenovo a kwali da Windows a ciki, kamfanin da ya ƙera ta ya biya Microsoft kuɗin lasisi, shi kuma ya zuba kuɗin a cikin farashin da ka biya. Ba za ka gan shi a rasit ba, shi ya sa yawancinmu muke ɗauka Windows kyauta yake zuwa, kamar caja. Alƙaluman shafin StatCounter suna nuna kusan bakwai cikin kowace kwamfuta goma ta tebur ko ta cinya da ke hawa intanet a duniya Windows take amfani da shi. Linux kuwa sai a 2024 ya haura kashi 4 cikin ɗari.

Wannan rigima ta girme ni da kai. A farkon shekarun 1990, Microsoft yana ƙulla wata irin yarjejeniya da masu ƙera kwamfuta: za su biya shi a kan kowace na'ura da suka fitar mai ɗauke da wani nau'in furosesa, ko sun ɗora manhajarsa a kai ko ba su ɗora ba. Ka ga ke nan duk wanda ya ɗora wata manhaja daban ya biya sau biyu. Wane ɗan kasuwa ne zai yi haka? A 1994 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta sa kamfanin ya sa hannu a kan daina wannan tsari. Sai dai kafin lokacin kasuwa ta riga ta kama hanya.

Akwai wani abu kuma a cikin dogon rubutun sharuɗɗan nan da muke danna "na yarda" ba tare da mun karanta ko layi ɗaya ba. A wancan zamani rubutun yana cewa idan ba ka amince ba, ka nemi kamfanin da ya ƙera kwamfutar a kan batun mayar maka da kuɗi. Wasu masu amfani da Linux suka ce to madalla, ba mu amince ba. Ranar 15 ga Fabrairun 1999 suka yi tattaki zuwa ofishin Microsoft da ke Foster City a jihar Kalifoniya suna neman kuɗinsu. Microsoft ya ce su koma wurin waɗanda suka sayar musu da kwamfuta. Su kuwa masu kwamfutar dama can kamfanin suke nuna wa mutane. Haka aka watse hannu rabbana.

A Italiya ne abin ya ɗan yi armashi. A 2014 kotun ƙolin ƙasar ta yanke cewa wanda ya sayi kwamfuta yana da haƙƙin karɓar kuɗin Windows ɗin da ba ya so. Bayan nan wani mai rajin 'yancin manhaja, Luca Bonissi, ya nemi Lenovo ya mayar masa da Yuro 42 kacal. Kamfanin ya ƙi, aka je kotu, aka kayar da shi, ya ɗaukaka ƙara. A ƙarshen 2020 kotun birnin Monza ta yi watsi da ƙarar, ta kuma ɗora masa biyan Yuro 20,000 saboda yadda ya ja shari'ar. A kan Yuro 42 fa. Amma kada ka ɗauka an gama: a 2016 Kotun Tarayyar Turai, a shari'ar wani Bafaranshe da kamfanin Sony, ta ce sayar da kwamfuta haɗe da manhaja ba laifi ba ne a karan kansa, matuƙar an sanar da mai saye tun farko. Ko a sharuɗɗan Windows na yanzu, kamfanin da ya ƙera na'urar yana iya cewa sai dai ka dawo da kwamfutar gaba ɗaya.

A nan, yaron shago ne masana'anta

Duk wannan labarin masu sayen sabuwa ne a kwali. Mu nawa ne a ciki? Idan ka zaga Farm Centre ko titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, za ka ga abin da ɗalibai suka fi ɗauka shi ne ta hannu, wadda wani ofishi a Turai ko Amurka ya gama da ita. Sai kuma sababbi masu rangwame waɗanda za ka ga an rubuta FreeDOS a bayaninsu. Wannan FreeDOS wata 'yar ƙaramar manhaja ce mai baƙin allo da ake sakawa don kawai a ce na'urar ba fanko take ba. Ma'ana babu kuɗin Windows a cikin farashin, shi ya sa ta fi araha, kuma kai ne ya kamata ka zaɓi abin da za a ɗora.

To a nan ne zaɓin yake suɓuce mana. Kafin ka buɗe baki, filashin yaron shago ya riga ya shiga. Ba mugunta ba ce, shi ma abin da ya koya ke nan wurin ubangidansa, kuma ya san idan ya ba ka abin da ba ka saba gani ba gobe za ka dawo masa da ƙorafi. Abin da masana'anta ke yi wa Bature da kwangila, mu sabo ne yake yi mana, sabo kuwa an ce turken wawa.

Wani abin takaici ma: tun daga Windows 8 da ya fito a 2012, ana dasa lambar lasisi ne a cikin allon na'urar, ba a liƙa ta a takarda a ƙasa kamar da. Da yawa daga cikin kwamfutocin ofis da ake kawo mana suna ɗauke da lasisinsu na halal a ciki. Idan aka ɗora irin Windows ɗin da ya dace da lambar, da kansa yake kunnuwa da zarar ka hau intanet. Amma sai a goge, a ɗora wani daban, a fasa shi da manhajar sata. Ka sayi na gaske, an ba ka na bogi.

Kuma fasawar nan ba banza take zuwa ba. Lura da kyau, kafin a sa manhajar fasawa sai an kashe mai gadin kwamfutar, wato Windows Defender, don idan yana kunne zai kama ta. Masana tsaron intanet sun daɗe suna gargaɗin cewa fasassun manhajoji suna cikin manyan hanyoyin da ake cusa ƙwayoyin cutar da ke kwashe kalmomin sirrin da ka adana a burauza. Sau nawa ka ga wani ya rubuta, "Jama'a an yi kutse a Facebook ɗina, duk wanda aka nemi kuɗi kada ya tura"? Ba duka ne daga nan ba, amma ƙofa ce da muke buɗewa da hannunmu, mu kuma yi godiya.

Abin da ya canza ranar 14 ga Oktoban 2025

Da a ce shekara biyar baya ne, da sai in ce wannan hira ce ta masu son ƙwaƙƙwafi. Yanzu ta shafi aljihunka. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina bai wa Windows 10 sabuntawar tsaro ta yau da kullum. Kwamfutar ba za ta mutu ba, za ta ci gaba da kunnuwa. Amma duk ɓarakar da aka gano daga baya, babu mai zuwa ya toshe maka, sai idan ka shiga wani shiri na ƙarin wa'adi da kamfanin ya buɗe wa ɗaiɗaikun mutane, na shekara guda, zuwa Oktoban 2026, wanda farashinsa Dala 30 ne idan ba ka bi ta hanyoyin da ya ware na samunsa kyauta ba. Shi ma sai Windows ɗinka yana da lasisi.

Sai ka ce to in koma Windows 11 mana. Nan ne gizo ke saƙa. Windows 11 yana buƙatar wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel yana son furosesa daga zubi na takwas zuwa sama, abin da 'yan kasuwa ke kira "8th gen". Duba taka yanzu. Idan ka ga i5-6300U, zubi na shida ce. Idan i5-7200U ce, na bakwai. Sai irin su i5-8250U ne suka tsallake. HP EliteBook 840 G3, ThinkPad T460, Dell Latitude E7470, waɗannan da suka cika jakunkunanmu a makaranta, duk suna ƙasan layi. Lafiyarsu ƙalau, suna buga aiki, suna gyara sauti da hoto, amma a takardar Microsoft sun tsufa.

Eh, akwai dabarar tsallake sharuɗɗan a ɗora Windows 11 da ƙarfi, kuma ana yi. Microsoft da kansa ya ce irin waɗannan na'urori ba shi da alƙawarin ci gaba da ba su sabuntawa. Idan kana ganin sabuntawa cin data ne kawai, tuna da WannaCry. A watan Mayun 2017 wannan ƙwayar cuta ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har asibitocin gwamnati a Birtaniya suka riƙa soke ganin marasa lafiya. Maganin ɓarakar ya fito tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba ne suka kwana a ciki.

Ɗaya hanyar

A Turanci kalma ɗaya ce ke nufin "kyauta" da "'yanci", har masu wannan harka suna shan wahalar bayani. Mu Hausa ta raba mana gardama. Manhaja mai 'yanci ita ce wadda aka ba ka damar amfani da ita yadda kake so, ka duba asalin rubutun da aka gina ta da shi, ka gyara, ka kuma raba wa wasu. Richard Stallman ne ya fara wannan fafutuka da shirin GNU a 1983. A 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, yana ɗan shekara 21, ya fitar da ƙashin bayan abin da ake kira Linux yanzu. Idan ka kwafa wa abokinka Linux a filashi ba ka saci komai ba, lasisin ne ya ce ka yi.

Kuma ka daɗe kana amfani da irinsu. VLC ɗin da kake kallon fim da shi, mai 'yanci ne. Haka Firefox, haka OBS Studio na masu watsa shiri kai tsaye, haka Audacity da muke gyara sauti da shi a darasin rediyo. Fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, wanda ya ci kyautar Oscar ta fim ɗin zane a 2025, da Blender aka yi shi, manhajar da kai ma za ka iya saukewa yau ba ko sisi. Manyan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya, tun daga ƙarshen 2017, dukkansu Linux ne.

Babbar hujjata ma tana hannunka. Android a kan Linux aka gina shi. Tecno, Infinix, itel, Samsung, Redmi, duk shi ne a ƙasa. Kakarka da ke amsa kiran bidiyo a WhatsApp ba ta taɓa cewa Linux yana da wuya ba, saboda a ciki ta same shi. Wannan ne ya sa ban yarda da masu cewa mutane sun gwada ne suka zaɓi Windows ba. Yawancin mutane ba sa canza abin da suka tarar a na'ura, ko mai kyau ne ko marar kyau. Wanda ya riga shiga kwali shi ya ci kasuwa.

Kamfanonin sun fi mu sanin haka, kuma an taɓa buga wasan a gidanmu. A 2007 kamfanin Mandriva na Faransa ya samu cinikin ɗora Linux ɗinsa a kan ƙananan kwamfutoci 17,000 samfurin Classmate na Intel, domin makarantun Najeriya. Ana cikin haka sai labari ya fito cewa za a karɓi kwamfutocin a goge Linux a sa Windows. Shugaban Mandriva, François Bancilhon, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa mai zafi zuwa ga shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, maganar ta zaga kafafen labaran fasaha na duniya. Microsoft ya ce shi bisa doka yake kasuwancinsa. Tambayi kanka, me ya sa manyan kamfanoni za su yi ta kai ruwa rana a kan kwamfutar 'yan makaranta? Saboda abin da yaro ya buɗe ido da shi, shi zai nema idan ya zama ma'aikaci. Kalli yadda muka taso: a wurinmu "iya kwamfuta" yana nufin iya Word da Excel, har a takardar neman aiki haka muke rubutawa.

Gwamnatoci ma suna kokawa da sabon nan. Birnin Munich na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, ya kwashe shekara goma yana sauya kwamfutoci kusan 15,000, sannan a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. A 2024 kuma jihar Schleswig-Holstein, duk a Jamus, ta sanar da cewa za ta mayar da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 kan LibreOffice da Linux.

Kada in yi maka daɗin baki

Akwai waɗanda ba zan ce su goge Windows ba. Idan da CorelDRAW kake cin abinci, kana yi wa mutane katin biki da fosta, babu shi a Linux, kuma madaba'ar da za ka kai aiki fayil ɗin Corel za ta tambaye ka. Babu Photoshop, babu Premiere, babu AutoCAD na 'yan injiniya da zanen gini. Akwai Inkscape da GIMP da Kdenlive a madadin wasunsu, suna aiki sosai, amma sai ka sake koyo, kuma ranar da aiki ya matse ba ranar koyo ba ce.

LibreOffice yana buɗe fayilolin Word da Excel, yana kuma adanawa a irin tsarinsu. Sai dai idan takardar tana da tebura da yawa ko wani salon rubutu da babu shi a na'urarka, tana iya ɗan gocewa. Maganin wannan mai sauƙi ne: duk abin da za ka kai shagon buga takardu, mayar da shi PDF tukuna. Wannan shawarar ma ko Windows kake amfani da shi ta shafe ka.

Babbar matsalar a ganina ita ce rashin na tambaya. Idan Windows ya yi gardama, ɗakin kwananku kaɗai akwai mutum uku da za su taɓa maka. Idan Linux ne, wataƙila kai da YouTube ne, da datarka, ga shi tun farkon 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari.

Amma idan aikinka bai wuce rubutu, bincike, imel, shiga shafin makaranta, Zoom, Canva a burauza, kallo da gyaran sauti ba, to kusan babu abin da za ka rasa. Masu koyon rubuta manhaja kuwa riba ma za su ci. Har madannan Hausa akwai a ciki, ka buga ƙ da ɗ da ɓ ba tare da kwafowa daga wani wuri ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne ana iya ɗanɗanawa ba tare da an goge komai ba. Ka sauke Linux Mint, nauyinsa kusan 3GB ne, don haka ka nemi datar dare ko Wi-Fi ɗin makaranta. Ubuntu, wanda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya fara fitarwa a 2004, shi ma yana da kyau, amma ya fi nauyi. Ka samu filashi mai 8GB wanda babu abin da kake so a ciki, ka rubuta fayil ɗin a kansa da manhajar Rufus. Ka kashe kwamfutar, ka kunna kana danna F9 idan HP ce, ko F12 idan Dell ce ko Lenovo, ka zaɓi filashin. Linux zai tashi daga kansa. Gwada Wi-Fi, gwada sauti da kyamara, buɗe wata takardarka ka gani. Idan bai yi maka ba, zare filashin, Windows ɗinka yana nan yadda ka bar shi. Idan kuma ka yanke shawarar ɗorawa, don Allah ka fara kwashe hotunanka da furojet ɗinka zuwa wani wuri. Linux Mint 22 zai ci gaba da samun sabuntawar tsaro har 2029, kuma bai damu da zubin furosesarka ba.

Tawa kwamfutar zubi na shida ce. Yanzu gida biyu na raba ta: Mint a gefe guda, inda nake yin kusan komai, Windows a ɗaya gefen saboda wani kwas da ake buƙatar Corel, kuma ba na shiga imel ko asusun banki ta can. Kwanaki na koma shagon nan canza batir. Yaron ya kunna ta, ya ga allon da bai saba gani ba, ya ɗago ya ce, "Oga, wannan ba na masu kutse ba ne?" Na ce masa a'a, na buɗe masa fim, na buɗe takarda, na nuna masa inda ake sauke manhajoji. Ya tambaye ni da me ake fasa shi. Na ce ba a fasa shi, haka yake. Ya ɗan yi shiru yana jujjuya linzami, sannan ya zaro filashinsa daga aljihu ya ce in tura masa, akwai wasu tsofaffin ThinkPad guda huɗu a ƙasan kanta da suka ƙi karɓar Windows 11.